Gidan Alminiyam da Ajin Kwano: Sharhi a kan Zamananci da Ƙaunarsa ga Inji

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram, ya ratsa Tasawa da Maijirgi, ko kuwa ya karkata arewa ya nufi Mayahi, zai yi ta cin karo da gini iri ɗaya a bakin kowane gari: dogon ɗaki mai kusurwa huɗu, bangon bulon siminti, rufin kwano, da tagogin ƙarfe masu shuɗin fenti ko kore. In ajin makaranta ne, haka yake. In ɗakin shan magani ne, haka yake. Ofishin magajin gari ma haka yake, sai dai a ƙara masa baranda da sandar tuta. Sabo ya sa idonmu ya daina ganin wannan gini. Muna ce masa ginin zamani, muna ɗaukarsa alamar cewa gari ya ci gaba, alhali kuwa malamin da ya taɓa ba da darasi a cikinsa da tsakar rana a watan Afrilu ya san cewa tanderu aka gina masa.

Kowane gini yana da uwa da uba a tunanin mutane. Wannan ɗaki na bulo da kwano jika ne, ko ma tattaɓa kunne, ga wata aƙida ta masu zanen gini da masu tsara kayan amfani wadda ta taso a Turai a farkon ƙarni na 20, wadda Faransawa ke kira modernisme, mu kuma za mu kira ta zamananci. Manufar wannan sharhi ita ce a auna wannan aƙida da ma'aunin ƙasarmu: me ta yi alkawari, me ya iso gare mu daga cikin alkawarin, me kuma ya kamata mu riƙe ko mu yar.

Asalin aƙidar

Kafin yaƙin duniya na farko, manyan gine-ginen Turai suna ta kwaikwayon fadodin da da majami'un da, suna lafta wa bango ado na dutse, alhali a waje jirgin ƙasa da mota da wutar lantarki sun riga sun sauya rayuwa. Wasu matasa suka ga wannan a matsayin ƙarya. A 1909 wani marubuci ɗan Italiya, Marinetti, ya buga sanarwa a jaridar Le Figaro ta birnin Paris yana yabon gudun mota da ƙarar inji, yana fifita su a kan kayan tarihi. A daidai wannan zamani Adolf Loos, mai zanen gini a birnin Biyana, ya yi ta wa'azin cewa ado a jikin kayan amfani ɓarnar aiki ne kuma alamar ci baya. A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus, inda aka haɗa mai zane da masassaƙi da maƙeri da masaƙi a ƙarƙashin rufi ɗaya, da niyyar su ƙirƙiro samfurin kayan da masana'anta za ta iya bugawa dubu-dubu. A can ne Marcel Breuer, wajen 1925, ya dubi kan kekensa, ya ce bututun ƙarfen da aka lanƙwasa ya ɗauki nauyin mahayi zai iya zama kujera. Makarantar ta koma Dessau a 1925, kuma matsin ƴan Nazi ya rufe ta a Berlin a 1933.

Wanda ya fi kowa yaɗa aƙidar a harshen Faransanci shi ne Le Corbusier. A littafinsa Vers une architecture na 1923 ya jera hotunan motoci da jiragen sama da jiragen ruwa kusa da hotunan tsofaffin gine-ginen Girka, yana nuna cewa injiniya ya riga mai zanen gini gano kyau, domin shi injiniya lissafi yake bi. Ya ɗauki gida a matsayin na'ura wadda aikinta shi ne ta zaunar da mutum cikin haske da iska da tsabta.

Adalci ya wajabta mu ce wannan tunani yana da tushe na tausayi. Bayan yaƙi miliyoyin ma'aikata suna cunkushe a ɗakuna masu duhu da danshi, tarin fuka yana kashe su. Masu zamananci suka ce in inji yana iya fitar da mota ɗaya bayan ɗaya a farashi mai sauƙi, to ya fitar da ƙofa da taga da kujera da gida, talaka ma ya samu. Wannan buri ba abin raini ba ne, musamman ga mu da ƴaƴanmu ke karatu a ƙarƙashin zana.

Gidan da ya zo cikin jirgin sama

Ba mu buƙatar zuwa Jamus kafin mu ga yadda aƙidar ta gwada ƙarfinta, domin ɗaya daga cikin shahararrun gwaje-gwajenta a Yamai aka yi shi. Jean Prouvé, wanda aka haifa a 1901 ya rasu a 1984, da ƙira ya fara: almajirin maƙera ne kafin ya zama mai tsara gidaje. Yana da masana'anta a Maxéville, kusa da birnin Nancy, inda ake lanƙwasa fallayen ƙarfe da na alminiyam. A 1949, bisa buƙatar Paul Herbé wanda ke aikin tsara gine-gine a Nijar ta lokacin mulkin mallaka, Prouvé ya ƙera gida sukutum a masana'antarsa, aka wargaza shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora a jirgin sama, aka sauke a Yamai, aka ɗaure shi da ƙusoshi masu zare a kan daɓen siminti. Shi ne ake kira Maison tropicale. A 1951 aka kafa wasu biyu a Brazabil.

Wanda ya dubi zanen gidan da idon basira zai sara wa mai shi. Prouvé ya san ƙarfe yana ɗaukar zafi, don haka ya yi wa gidan rufi biyu, da sarari a tsakaninsu, da mafita a can ƙololuwa. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi. In ta fita ta ƙololuwa sai ta jawo wata daga ƙasa, gidan ya riƙa numfashi ba tare da fanka ba. Ya kewaye ɗakunan da baranda, ya sa mata fikafikan alminiyam da ake karkatarwa gwargwadon inda rana take, don kada haskenta ya bugi bangon ciki. Ya yi ƙananan tagogi masu da'ira da shuɗin gilashi don rage ƙyallin rana. Kowane ɓangare an yi shi daidai yadda mutum biyu za su ɗauka. Wannan aiki ne na mai hankali wanda ya ɗauki zafin ƙasarmu da muhimmanci.

Duk da haka gidan bai haifu ba. Uku aka yi, a uku aka tsaya. Kuɗin ƙera shi a Faransa da dakon sa a jirgi ya fi kuɗin gini da kayan da ke wurin, kuma Turawan mulkin da aka yi dominsu ba su yi ɗokin zama cikin ƙarfe ba. A nan ne babban rauni na aƙidar ya bayyana. Injin da ke sa kaya ya yi arha a Nancy yana Nancy. Magini na Yamai ba shi da abin yi a wannan gida sai ɗaure ƙusa. In fiffike ɗaya ya lalace, babu maƙerin da zai ƙera madadinsa a kasuwa. Gida ne da aka yi wa ƙasar, ba a yi shi da mutanen ƙasar ba, kuma ko sisin kwabo na kuɗinsa bai zaga a hannun mai yin tubali ko mai jaki ba.

Ƙarshen labarin ya fi farkonsa ban mamaki. Wajen shekara ta 2000 wani dillalin kayan tarihi na Faransa ya sayi gidajen uku, ya kwance su, ya mayar da su Turai. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazabil a birnin New York a kan kusan dalar Amurka miliyan 5, wato sama da miliyar 2 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Gidan da aka ƙirƙiro don ya zama mai arha, a buga shi dubu-dubu, ya koma abin ƙawar masu kuɗi saboda ƙarancinsa. A Yamai kuwa daɓen siminti kawai aka bari. Ângela Ferreira, haifaffiyar Mozambik, ta gina aikinta na bikin baje kolin fasaha na Venise a 2007 a kan wannan daɓe da babu kowa a kansa, kuma Manthia Diawara ɗan ƙasar Mali ya yi fim a kan batun a 2008. Tambayar da suka tayar tana nan: kayan wa ne, na wanda ya ƙera ko na garin da ya zauna da shi shekara hamsin?

Abin da ya iso gare mu

Idan aka ajiye zanen Prouvé kusa da ajin da ake gina mana a Korgom ko a Kanambakashe, za a ga dangantaka, za a kuma ga abin da ya zube a hanya. An riƙe madaidaicin layi, da rashin ado, da kayan masana'anta, da zane ɗaya da ake aikawa ko'ina daga babban birni. An yar da rufi biyu, an yar da mafitar iska, an yar da barandar da ke kare bango, an yar da lissafin inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa. Masu magana sun ce kama da wane ba ta wane. Mun gaji ɓawon zamananci, ƙwayar kuwa ta tsaya a hanya.

Sakamakon yana jikin ɗalibai. Kwano falle ne siriri. Rana na bugunsa yake zubo zafinta ƙasa, kuma inda babu rufin ciki, kan yaro ne ke karɓa. Bulon siminti mai rami ba shi da kaurin da zai jinkirta zafi kamar yadda katangar ƙasa ke yi. A bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa, shi ne kuma lokacin da ake shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Da damina ta faɗi, ƙarar ruwa a kan kwano takan hana malami jin muryar kansa, kuma guguwar farkon damina takan yaye rufin da aka ɗaure da sakaci. A lokacin hunturu ɗakin da ya gasa mu a bazara shi ne ke daskarar da mu da safe. Kowane buhun siminti da kowane fallen kwano da kowane rodi daga nesa ake kawo shi, a biya kuɗin mota, don haka kuɗin aji ɗaya ya yi nauyin da ba a iya gina isassu.

Inda aji na siminti ya gagara, sai a kafa na zana da kara. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a wata unguwa ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar, a cikin garin Maraɗi, wata gobarar ta hallaka yara fiye da 20, ƴan shekara biyar zuwa shida. Hukumomi da kansu sun ƙiyasta azuzuwan zana a ƙasar sun kai 36,000 a wancan lokaci. Wanda ya riƙe wannan adadi a zuciya ba zai ɗauki maganar salon gini a matsayin hirar masu jin daɗi ba. Tsakanin tanderun kwano mai tsada da rumfar zana mai cin wuta an bar wani fili babba babu kowa, kuma a wannan fili ne ya kamata tunaninmu ya yi aiki.

Rumbu da zanen bango

Akwai wani abin dariya a tarihin zamananci da ya kamata manomin Mayahi ya sani. Gine-ginen da Gropius ya buga hotunansu a 1913 yana yabo, waɗanda Le Corbusier ya sake bugawa bayan shekara goma, manyan rumbunan hatsi ne na siminti a Amurka da Kanada. Abin da ya burge su shi ne siffar rumbun ta fito ne daga aikinsa, babu ƙari babu ragi. To, rumbun ƙasa da ke bayan kowane gida a ƙauyukanmu fa? An ɗaga shi a kan duwatsu don danshi da gara da ɓera. An yi shi da'ira domin nauyin hatsi ya rarrabu daidai a jikin bango, shi ya sa bango siriri ke riƙe damman gero masu yawa. An sa masa hular ciyawa da ke kare shi daga ruwa da rana, a ɗage ta in za a ɗiba. In ƙa'idar ita ce siffa ta bi aiki, to magabatanmu sun cika ta tun kafin a rubuta ta, da hannu da ido, babu takarda.

Haka gidan Bahaushe yake da lissafinsa. Zaure yana raba baƙo da iyali, yana kuma zama wurin aiki da karatu. Katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta sake shi da dare lokacin da mutane ke kwance a tsakar gida. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya ko goruba, gara ba ta cinta da sauƙi, kuma da yake tsawonta yana da iyaka, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe ɗaki mai faɗi da gajerun itatuwa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne ƙololuwar wannan ilimi. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango, makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa tana ƙarfafa yaɓe. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, kaba ta ba mu tabarma da igiya da faifai, kayan da babu wani ɓangare nasu da ba ya aiki.

Inda muka rabu da Loos shi ne batun ado. Shi ya ɗauka mai yin ado bai waye ba, har ya kafa hujja da zanen jiki na mutanen da Turawa suka mallaka, abin da ke nuna cewa raini na cikin aƙidar tun daga tushe. Amma zanen da ke fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram, ko na Zariya da Kano, magana ce: yana faɗin matsayin mai gida, da gwanintar magini, da zamanin da aka yi shi. A tsakiyar ƙarni na 20 maginan Hausa sun riƙa zana keke da mota da agogo a fuskar gida tare da dagi da sauran zanen gargajiya. Ba su ji tsoron inji ba. Sun karɓe shi, sun sa shi cikin harshensu. Bangon aji da aka bari fari fat, babu abin da ke nuna ko a Urafan yake ko a wata nahiya, yana koya wa yaro darasi kullum ba da baki ba: ilimi baƙo ne, kuma gwanintar kakanka ba ta da wurin zama a nan.

Kada a yi wa laka kirarin da ba nata ba

Akwai masu jin irin wannan bayani su ce to a koma ginin ƙasa kawai, a huta. Sau da yawa masu faɗin haka a gidan siminti suke kwana. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma samarin da ke yin wannan aiki da rani yanzu suna ci-rani. Azara ta yi tsada domin giginya da goruba sun ragu, rufi kuma yana cin itace mai yawa a ƙasar da kowane icce ke da daraja. Ruwan sama ya sauya hali: daminar 2024 ta rusa dubban gidajen ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Uwar da ta kwana tana sauraron bango yana jiƙa tana da hujja in ta yi mafarkin siminti. Mai gidan da ya sayar da bijimi ya sayi kwano ba wawa ba ne. Ya sayi barci ne a daren damina.

Bugu da ƙari, aji dubu talatin da wani abu ba aikin gwani ɗaya ba ne da ke ginawa a hankali yana ƙawatawa. Yana buƙatar samfuri, da ma'auni ɗaya, da sauri, da farashin da aka sani. Wannan ita ce tambayar da masu zamananci suka yi tun farko, kuma har yanzu ba ta tsufa ba. Kuskurensu yana cikin amsar da suka bayar, cewa samfuri ɗaya daga masana'anta ɗaya zai dace da duniya duka.

Ɗan Tasawa da rana

Amsa mafi kyau tana da tushe a garin Tasawa kansa. A nan aka haifi Abdu Mumuni Diyofo a 1929, masanin kimiyyar fiziya wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969, ya kuma riƙe jami'ar Yamai, wadda ke ɗauke da sunansa tun bayan rasuwarsa a 1991. Shi ma masoyin inji ne, babu wanda zai ce masa mai ƙin zamani. Bambancinsa da masu aiko gida cikin jirgi shi ne inda ya fara tambaya. Ya dubi abin da ƙasar ta fi kowa da shi, wato rana, ya ce a ƙera na'urar da za ta ci wannan rana: abin dafa ruwa, da murhu, da abin tace ruwa, a ƙera su a Yamai da hannun ƴan ƙasa. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu, a kuma haɗa makaranta da aikin da al'umma ke rayuwa da shi. Tunani ɗaya ne a fage biyu: na'ura da makaranta duka su tsiro daga ƙasar da za su yi wa aiki.

Da wannan ma'auni za mu gane dalilin da ya sa wasu kayan zamani suka zauna daram a ƙauyukanmu ba tare da wani ya yi musu talla ba. Amalanken jaki ƙarfen kwana ne da gatari da tayoyin mota, ba shi da ado, siffarsa aikinsa ce. Da Breuer ya gan shi da ya yaba. Ya yi nasara domin mai walda na kasuwar Mayahi yana ƙera shi, mai faci yana gyara tayarsa. Injin niƙa ya ɗauke wa mata wahalar dutse da turmi domin akwai bakanike a kusa. Maƙeran da ke narka tsohon alminiyam su zuba tukunya a ƙirar yashi suna aiki da ƙarfen da Prouvé ya yi aiki da shi, amma tukunyarsu ta shiga kowane gida.

A fagen gini ma akwai misalai. Tun 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini marar itace, inda ake rufe ɗaki da baka da ƙubba na tubalin ƙasa zalla, dabarar da ta fito daga Nubiya, wadda Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da ita a shekarun 1940. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, wanda ya sami lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, ita ma a jihar Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, tare da maginan yankin. Injin matse tubali ƙaramin abu ne, an ƙirƙiro samfurinsa na hannu a Kolombiya a shekarun 1950. Yana cin ƙasar wurin da ɗan siminti kaɗan, ya fitar da tubali mai ƙarfi mai ma'auni ɗaya. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makaranta a 2001 da bangon ƙasa, ya yi rufin ciki da tubali, sa'an nan ya ɗaga kwano sama da shi a kan siraran rodi, ya bar shi ya zarce bango ya zama laima. Iska tana ratsawa tsakani, ruwa ba ya taɓa katanga. Wannan shi ne rufi biyu na Prouvé, amma da kwanon kasuwa da hannun mutanen ƙauye. Kéré ya sami lambar Pritzker, mafi girma a wannan fanni, a 2022.

Waɗannan ayyuka ma ba su fi ƙarfin suka ba. Gini ɗaya da ya ci lambar yabo, aka ɗauki hotonsa a mujallun Turai, yana iya zama wani gidan alminiyam: abin kallo da bai haifu ba. Ƙubbar da magini bai ƙware ba ya yi, ko aka bar ta babu yaɓe da magudanar ruwa, hatsari ce. Tubalin matsi yana son a san irin ƙasar, a auna ruwa, a bar shi ya bushe a inuwa. Darajar waɗannan misalai za ta tabbata ne ranar da suka zama abin yau da kullum, har ɗan kwangila ya iya lissafa su, hukuma kuma ta amince da su a takardun ba da aiki.

Abin da ya rage gare mu

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ba su ne ke sa hannu a kwangila ba, amma suna zaune a kwamitocin kula da makarantu, suna da murya a gaban magajin gari da iyayen yara. Duk lokacin da aka zo da zanen sabon aji, akwai tambayoyin da ya dace a yi tun kafin a haƙa tushe. Ina dogon bangon zai fuskanta, ya kauce wa ranar hantsi da ta yamma? Akwai sarari tsakanin kwano da kan yara, kuma ta ina iska mai zafi za ta fita? Rufin ya zarce bango? Nawa ne daga cikin kuɗin zai tsaya a hannun magina da masu amalanke na garin? In wani abu ya lalace bayan shekara biyar, wa zai gyara, da wane kaya? Bishiyoyi nawa za a dasa a gabas da yamma? Mafi yawan waɗannan ba su ƙara kuɗi mai yawa. Tunani suke ci.

Akwai kuma aikin da ke hannunmu mu kaɗai. Kalmomin ginin Hausa suna ɓacewa tare da tsofaffin magina. Malamin Hausa zai iya tura ɗalibansa wurin sarkin magina su rubuto sunayen sassan soro da matakan aikinsa. Malamin kimiyya ya sa su auna zafin ajin kwano da na zauren ƙasa a sa'a ɗaya, su kwatanta. Malamin lissafi ya sa su gano dalilin da'irar rumbu. Yaron da ya yi wannan aiki, in ya zama injiniya gobe, ba zai karɓi zane daga nesa ya dasa ido rufe ba.

Hukuncinmu a kan zamananci shi ne ya yi gaskiya da ya ce a daina jin kunyar inji, a kuma yi wa talaka gini da hankali irin wanda ake yi wa sarki. Ya ɓata da ya ɗauka cewa hankali a masana'antar Turai kaɗai yake, da kuma cewa wuri da tarihi da ado kaya ne da za a sauke. Inji bawa ne mai ƙarfi, kuma amfaninsa yana ga wanda ke riƙe da linzaminsa. Ranar da injin matse tubali ya zama na ƙungiyar maginan Tasawa kamar yadda injin walda ya zama na maƙeran Mayahi, ranar ce za mu sami ajin da ba ya ƙona yaro da wuta, ba ya kuma gasa shi da rana.